Zomaye Ma Suna Bukatar Iska

Da zomaye biyu aka fara, mace da namiji, a cikin kwalin sabulu. Manaja ya dire kwalin a tsakar gida, ya kira matarsa da yara, ya sanar da su cewa daga yau talauci sai dai ya nemi wani gidan. Tun lokacin da ya riƙe makullan wani shagon tayoyi ake ce masa Manaja. Shagon ya daɗe da rufewa, sunan ne ya ƙi rufewa.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, tana zaune a bakin tagar ɗakinta tana rage wa wani siket tsawo. Ta leƙo ta ga kunnuwa suna motsi a cikin kwali, suka ba ta sha'awa. Da yamma har ɓawon karas ta kai musu da hannunta. Da ta san abin da take ciyarwa, da ita ta cinye ɓawon.

Ɗakin Gwaggo ya fi kowane ɗaki iska a gidan. Taga biyu gare shi suna kallon juna, ɗaya ta titi, ɗaya ta tsakar gida, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Gwaggo tana da asma, irin wadda idan ta tashi sai ka ji ƙirjinta yana fito kamar butar shayi a kan wuta. Da tagogin nan biyu da ɗan maganin shaƙa take lallaɓa rayuwarta. A hasken tagar titi kuma take aikinta na gyaran kaya, rage ƙugu, sauya zif, toshe aljihun da ya huje, da haka take sayen maganinta ba ta roƙi kowa ba. A ɗakin nan ta reni Manaja bayan rasuwar mahaifiyarsa, shi ya sa har gobe idan ya shigo gaishe ta sai ya durƙusa. Wajen durƙuso dai babu wanda zai ce Manaja ya gaza.

Zomo ba ya wasa da aikinsa. Wata guda zomanyar ta zubo 'ya'ya, ba su gama yin gashi ba ta sake ɗaukar wani cikin. Kafin a ankara 'ya'yan farko sun isa, su ma sun kama sana'ar iyayensu, babu mai tsayawa tambayar wa ya haɗa dangi da wa. Kafinta ya zama ɗan gida. Aka jera keji a jikin katanga, aka ɗora keji kan keji, aka kwance igiyar shanya aka ce kowa ya shanya kayansa a ƙyauren ɗakinsa. Daga tsakar gida aka hau baranda. Kujerar da Manaja ke karɓar baƙi a kanta ita ma aka fitar da ita, don baƙo zai iya tsayuwa, zomo mai jego kuwa ba zai iya jira ba.

Baki ya yi yawa, abinci ya fara kasawa. Da farko Manaja kan je kasuwa ya kwaso ganyen kabeji da latas da masu kayan lambu suka zubar. Da buhu ɗaya ya daina isa, matarsa ta shiga layi. Da biyu suka daina isa, aka koma sayen dusa. Aikin tsince ruɓaɓɓen ganye kuma aka kai wa Gwaggo bakin ƙofa, tunda a cewar Manaja ita a zaune take, ɗinki ai ba aiki ba ne da zai hana mutum wani aikin.

Dusar da ke zuba ƙarƙashin keji ta gayyato ɓeraye, ɓeraye suka gayyato kuliyoyin unguwa, fitsari da kashi suka gayyato ƙudaje. Kowa ya zo da iyalinsa, kowa ya hayayyafa daidai abin da ya samu. Gidan da a da mutum ke jin ƙarar keken ɗinkin Gwaggo tun daga ƙofa ya koma babu abin da ake ji sai ƙaraf-ƙaraf na haƙora a jikin waya.

Matarsa ta taɓa ba shi shawarar a sayar da wasu, ko a yanka ko da ɗaya ne yara su san ɗanɗanon abin da suke yi wa bauta. Ya dube ta kamar ta ce a sayar da yaran. Ya ce akwai wani babban otal da ke neman mai kawo musu nama duk mako, amma ba sa magana da ƙananan masu kiwo, sai wanda ya tara da yawa. Ba a taɓa ganin mutumin otal ɗin ba, ba a ma san sunan otal ɗin ba, wani ne ya gaya wa wani a wurin gyaran babur. Amma saboda shi ko gurgun zomo ba ya fita daga gidan.

Matan da ke kawo wa Gwaggo gyara suka fara tsayawa daga waje suna miƙo kaya ta taga. Wata ta dawo da rigar mijinta ta ce an wanke ta sau biyu har yanzu tana warin gidan. Wata kuwa ba ta dai sake zuwa ba. Gwaggo ta shiga rufe tagar tsakar gida saboda wari, ɗaki ya zama mai hanci ɗaya, ƙirjinta ya fara fito tun da hantsi. Ran nan da Manaja ya shigo gaisuwa ta ce masa, “Ɗan nan, abin nan ya fara fin ƙarfina. Numfashi nake nema ina rasawa.”

Ya ƙara durƙusawa, ya ce hancinta ne bai saba ba, shi da yake wuni a cikinsu ko atishawa ba ya yi. Ya ce kuma duk wahalar nan don wa yake yi in ba don ita ba. Ranar da otal ya kira, asibitin masu kuɗi zai kai ta a duba ƙirjin nan tun daga tushe. Gwaggo ta ce Allah ya kai mu, don ba ta iya musu da wanda ya durƙusa.

Abin da ya tayar wa Manaja hankali daga baya ya zo, kuma ba daga ƙirjin Gwaggo ba. Wata safiya ya tarar wata zomanya ta cinye rabin 'ya'yanta, ta tattake sauran. Mazan suka shiga yagar kunnuwan juna. Wasu matan aka kai musu namiji suka juya masa baya, wasu suka ɗauki ciki ya zube. Manaja ya kasa karya kumallo. Ya zauna a bakin baranda ya haɗa kai da gwiwa, idonsa ya yi ja, Gwaggo ba ta taɓa ganinsa haka ba tun jana'izar mahaifinsa. Kafin rana ta take ya ɗauko likitan dabbobi a bayan babur.

Likitan ya zaga gidan hannunsa a kan hanci. Gwaggo tana jin su ta tagar da ta ɗan sassauta. Ya ce wa Manaja babu maita a nan, babu hassadar maƙwabta, cunkoso ne kawai. Ya ce kowane wuri yana da iyakar ran da zai iya ɗauka, gwargwadon abincinsa da filinsa da iskarsa. A daji zomo yana haihuwa kamar haka, amma shaho na ɗauka, maciji na ɗauka, rani ya zo ciyawa ta ƙare yunwa ta rage saura, shi ya sa ba su taɓa cinye duniya ba.

“Kai ka kore musu shaho, ka kore musu yunwa,” in ji shi. “Saura abu biyu. Ko ka rage su da hannunka, ka sayar ka yanka, ko cuta ta zo ta rage maka, ita kuma ba ta iya awo ba. In ba za ka rage ba, to aƙalla masu jego su samu fili da iska.”

Cikin duk wannan dogon bayani, jimlar ƙarshe kaɗai ta sami ƙofar shiga kunnen Manaja. Ya tambayi likita, a ganinsa ina ne ya fi iska a gidan. Bawan Allah bai san me ake ƙullawa ba, ya waiga, ya nuna ɗakin da ke da taga biyu, ya hau babur aka mayar da shi.

Da la'asar Manaja ya shigo da ledar lemo, ya durƙusa. Gwaggo na ganin lemon gabanta ya faɗi, don tun yana yaro ba ya kawo tsaraba sai da dalili. Ya ce keji biyu ne kacal, a can lungu bayan ƙofa, na ɗan lokaci, kafin masu jego su yaye. Ya ce su ma rai gare su, kuma ita ce ta koya masa tausayin dabba. Gwaggo ta so ta ce a'a, kalmar ta zo har maƙogwaro, ta tarar da tari a can, suka koma tare.

Masu jego suka yaye, wasu masu jegon suka karɓi wurinsu, don a gidan nan jego ba ya yankewa. Biyu suka zama jeri guda a jikin bango, jerin ya yi bene. Aka matsar da gadon Gwaggo, aka matsar da akwatinta, aka ce ta riƙa barin tagogin duka a buɗe saboda lafiyar yara, yaran zomaye ake nufi. Gashi mai laushi ya riƙa yawo a hasken taga yana sauka a kan zare da allura da kofin shayinta. Idan ta taka keke sai Manaja ya leƙo ya ce ta yi a hankali, ƙara na firgita su, mai jego in ta firgita nono ke ɗaukewa.

Wata ranar da ake zafi, tana tsaka da saka zif, numfashin ya tsaya cak. Ta shaƙi magani, ta sake shaƙa, babu labari. Matar Manaja ce ta same ta dafe da keke, leɓɓanta sun canja launi, ta nemo mota aka yi asibiti da ita. Aka sa mata abin numfashi a fuska har ta dawo hayyacinta. Likitar ƙirji ta tambayi inda take kwana, da aka gaya mata ta ajiye biro ta dubi Manaja ta saman tabarau. Ta ce tsohuwa mai asma da zomaye a ɗaki ɗaya, wannan ba ganganci ba ne, kisa ne a hankali. Ta ce a raba ta da su yau ɗin nan.

Manaja mutum ne mai girmama masana. Likitan dabbobi ya ce zomaye su samu iska, likitar mutane ta ce a raba Gwaggo da zomaye, shi kuwa bai ga dalilin saɓa wa ko ɗaya ba. Kafin a sallamo ta ya riga ya share sito, ya shimfiɗa mata katifa a ciki.

“Gwaggo, umarnin likita ne,” ya ce, yana riƙe da jakarta. “Da kunnenki kika ji. Ni ba zan yi wasa da lafiyarki ba.”

Siton yana bayan kicin. Tsawonsa tsawon katifa ne da ɗan abin da mutum zai ajiye takalmi. Ba shi da taga, sai ƙwan lantarki ɗaya da ke aiki ranar da aka ga dama aka kawo wuta. Buhunan dusa suna jingine a gefe, don an ce ba su da wani wurin kuma ai ba sa cizo. Keken ɗinki bai shiga ba, aka bar shi a tsohon ɗakinta, aka rufe kansa da buhu, daga baya aka ga tsayinsa ya yi daidai da ɗora keji. Sana'ar Gwaggo ta tsaya a nan. Maganin shaƙa ya koma hannun Manaja, sai ta faɗa sau uku kafin a sayo, ranar da aka sayo kuma sai duk gidan ya ji labari.

Abu ɗaya ta roƙa. Ba ta ce a mayar mata da ɗakinta ba, ta san wannan ya wuce. Ta ce a fasa mata 'yar taga a bangon sito, ko da faɗin faranti ce, ta riƙa samun abin da za ta ja. Manaja ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, a bar shi da shi. Bayan mako ya ce ya yi magana da magini, magini ya ce bangon nan shi ke ɗauke da rufin kicin, aka taɓa shi gidan zai zauna. Da ta sake tuntuɓa ya ce bayan bangon lungu ne, taga a nan gayyatar ɓarayi ce, kuma ita za su fara tararwa. Da damina ta kusa ya ce feshin ruwa zai jiƙa dusa. Kowane uzuri da durƙusonsa yake zuwa, kuma kowanne don amfaninta ne.

Ta gwada ta wajen matarsa. Matar ta sauke wuƙar da take yanka kabeji, ta nuna mata hannayenta da suka faffashe, ta ce, “Gwaggo, ni ma da kike gani haƙuri nake. In na yi magana ya ce ba na son ci gabansa. Ke da kika rene shi ba ki iya ba, ni wace ce?” Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar ba ta hana ta rufe ƙofar kicin idan tana suya ba, hayaƙin ya bi ta ƙarƙashin ƙofar sito tunda ba shi da wata hanya.

Ƙarshe Gwaggo ta aika aka kira Baffa, ƙaninta, wanda shi ne babban namiji da ya rage a dangi. Baffa ya zo da babbar murya, tun daga ƙofa yake cewa yau za a yi ta ta ƙare. Manaja ya tare shi, ya ce kafin a zauna bari ya nuna masa abin da ake magana a kai. Ya zaga da shi keji bayan keji, ya ɗora masa wani ƙaton farin zomo a hannu ya ce ya ji nauyi. Ya ba shi labarin otal. Lokacin da suka iso ƙofar sito muryar Baffa ta riga ta yi laushi kamar gashin abin da ya shafa.

Bai shiga ba, don babu wurin mutum biyu. Daga bakin ƙofa ya ce, “Yaya, ki gode wa Allah. 'Ya'yan wasu suna can bakin titi suna shaye-shaye, naki yana gida yana neman na kansa. Mu da muka tsufa, kwana nawa ya rage mana da za mu tsaya wa yaro a hanya? Ɗaki ai wurin kwana ne.” Ya ƙara da cewa shi ma ƙirjinsa na damunsa in an yi sanyi, ruwan ɗumi yake sha. Ya tafi da kwali a ƙarƙashin hammata, mace da namiji. Su ne zomaye na farko da suka taɓa fita daga gidan da ransu.

Daga nan kwanakin Gwaggo suka zama neman inda iska take. Da safe ta ja kujera ta zauna a ƙofar gida tana kallon masu wucewa. Manaja ya ce hakan zubar masa da mutunci ne, mutane za su ce ya kori gwaggonsa waje, ta rufa masa asiri ta dawo ciki. Ta koma zama a ƙofar banɗaki, inda wata 'yar kafa a saman bango ke kawo iska, sai an zo shiga ta tashi. Ta daina kwanciya sosai, sai dai ta jingina da buhun dusa, don in ta miƙe ƙirjin rufewa yake. Ta rame, zobenta ya koma babban yatsa. Abin da ya fi ci mata rai ba ciwon ba ne. Duk safiya tana jin Manaja a tsohon ɗakinta yana magana ƙasa-ƙasa, yana tambayar masu jego yadda suka kwana, da irin muryar da ita ta riƙa yi masa lokacin da yake ƙyanda. Wani lokaci sai ta ji hawaye ya zubo mata, ta share da sauri, don kuka ma numfashi yake ci.

Zomaye kuwa da suka sami sabon fili suka yi abin da suka iya. Ɗakin ya cika har saman ƙofa, cunkoson da aka gudu a tsakar gida ya dawo ya zauna a inda aka kai shi. Manaja ya fara auna falo da ido.

Bai kai ga falon ba. Wata safiya ya tarar da zomaye uku a miƙe, jini a hancinsu. Kafin yamma matattun sun fi a ƙirga. Cutar ta bi jeri kamar mai karɓar haraji, ba ta tsallake babba ba, ba ta tsallake ƙarami ba, wanda ya ci kabeji da safe da rana an ja shi da ƙafa. Aka riƙa cika buhunan dusa da gawa ana fita da su a baro. Ɓerayen da suka saba da bagas suka rasa, suka shiga kicin da akwatunan kaya, kuliyoyi suka bi su, ƙudaje kaɗai ne kasuwarsu ta ci. Cikin 'yan kwanaki gidan ya yi tsit.

Gwaggo ta tausaya wa dabbobin, ba su suka kawo kansu ba. Ta tausaya wa Manaja, wanda ya zauna a baranda yana kuka da hawaye, har ta lallaɓa ta dafa kansa ta ce ya yi haƙuri. Amma ba za a ɓoye ba, a ƙasan tausayin akwai wani abu da ya motsa mata wanda ta ji kunyarsa. Ta wuce ta gaban ɗakinta ta ga an fitar da keji, ta ga hasken tagar titi kwance a ƙasa, ta ga kekenta a lungu. Ranar ta ci abinci fiye da yadda ta saba.

Likitan dabbobi ya dawo. Bai ce ai na faɗa maka ba, fuskarsa ce ta faɗa. Ya ce a ƙone duk katakon keji, a wanke ƙasa da bango da magani mai ƙarfi, kuma kada zomo ya sake taka inda waɗannan suka zauna sai bayan watanni, don cutar tana daɗewa a wuri, ƙuda ma yana ɗaukarta a ƙafa ya kai wani wurin. Manaja ya share ido ya tambaya ko tana kama mutum. Likita ya ce a'a. Ya sake tambaya, in mutum zai fara da sababbi, ina zai sa su. Likita ya ce shi dai shawararsa a huta, in kuwa dole ne, sai wurin da zomo bai taɓa zama ba, mai iska, kuma kada a wuce abin da wurin zai ɗauka. Wannan karon ma Manaja ya zaɓi abin da zai ji.

Bayan kwana biyu ya zo ƙofar sito ya durƙusa, babu ko lemo. Ya ce ya yi tunani, abin da ya same shi ishara ce, haƙƙinta ne ya kama shi. Ya ce bai kyauta ba da ya raba ta da ɗakin da ta rene shi a ciki, ta yafe masa, ta tashi ta koma ɗakinta yau. Gwaggo ta kama hannunsa. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ta sa masa albarka. Shi da kansa ya naɗe katifar ya ɗora a ka, matarsa ta ɗauki akwati, Gwaggo ta biyo su tana dafa bango, tana jin kamar an cire mata shekara goma.

A bakin ƙofa warin ya tare ta. Fitsarin watanni ya jiƙa siminti ya shige, an zuba masa maganin wanki mai yaji a kai, su biyun suka haɗu suka zama abin da ke sa ido ruwa. Ɗakin ya yi duhu. Ta ɗaga kai ta ga tagar titi an rufe ta an bi gefenta da leda. Tagar tsakar gida kuma an gicciya mata katako an buga ƙusoshi, sababbi fil, kawunansu na ƙyalli.

“Ɗan nan, tagogin fa?”

“Na ɗan lokaci ne, Gwaggo. Kin ji abin da likita ya ce, ƙuda na ɗaukar cutar. In ya shiga nan ya fita, ya gama da sababbin. Ke kuwa ba ta kama mutum, da bakina na tambaya saboda ke. Ki riƙa jan ƙofar ma in kin shiga.”

“Waɗanne sababbi?”

A daidai lokacin aka yi sallama. Magini ne, da guduma a kafaɗa. A bayansa, a inuwar katanga, akwai kwalin sabulu da aka huda wa ramuka a gefe.

Haka Gwaggo ta sami ɗakinta, abin da ta fi so a duniya, ranar da aka tabbatar bai dace da zomo ba. Babu wanda ya zage ta a gidan nan, babu wanda ya ɗaga mata murya ko ya hana ta abinci. Duk wanda ka tambaya a unguwa zai ce maka Manaja yaron kirki ne, yana riƙe da gwaggonsa, ba ya yi mata magana a tsaye. An dai auna abin da gidan zai iya ɗauka, aka ga wani rai ya yi yawa, kuma ba a sha wahalar gano ko na wane ne ba.

Ta zauna a bakin katifa, maganin shaƙa a tafin hannunta, ta girgiza shi ta ji saura kaɗan. Daga bayan kicin guduma ta fara sauka a bangon sito, bangon nan da ke ɗauke da rufi. Rufin bai motsa ba. Ta ji bulo ya faɗa lungu, ta ji magini yana tambaya ko faɗin ya isa haka.

“Ƙara buɗa ta sosai,” in ji Manaja. “Mai rai ne zai kwana a ciki.”